Ƙasar Kufai: Abin da Ke Saura Idan Birni Ya Faɗi a Yammacin Zamfara

Duk wanda ya saurari yadda ake kiran sarakunan Zamfara a wajen taro zai lura da wani abu mai ɗaure kai. Mai martabar da ke zaune a Anka, Sarkin Zamfara ake ce masa. Na Gummi Sarkin Mafara ne, na Bukkuyum kuma Sarkin Danko. Idan aka nausa gabas, na Ƙauran Namoda Sarkin Kiyawa ne, na Bakura Sarkin Burmi, na Gusau Sarkin Katsina. Sanƙira kan jero waɗannan laƙabai ba wanda ya tsaya tambaya, alhali kowannensu labarin ƙaura ne ko na yaƙi: ko dai gidan sarautar ya taso daga wani wuri ya riƙo sunan, ko kuwa an ci wata ƙasa aka ɗauko sunanta aka naɗa wa wanda ya yi galaba.

A yammacin jihar abin bai tsaya ga sarautu ba, ya shiga har sunayen garuruwa. Nasarawar Burkullu, a ƙaramar hukumar Bukkuyum, tana tsakanin Anka da Gummi, kuma mai bin wannan yanki zai riƙa jin sunaye irin su Birnin Zauma da Birnin Tudu da Birnin Magaji. Bahaushen da ba ya kiran gari birni don yawan jama'arsa, sai in an kewaye shi da ganuwa, an yi masa ƙofofi, an ɗora wani a kan tsaronsu. Da yawa daga wuraren da ke amsa wannan suna a yau ƙananan garuruwa ne. Sunan ya fi ginin tsawon rai.

A Turai da Amurka akwai wata sha'awa da ta yi ƙarfi tun daga shekarun 1990, ta shiga gine-ginen da aka yi watsi da su don kallo kawai: masana'antun da suka mutu, asibitocin da aka rufe, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Wani matashi ɗan Toronto ta Kanada, Jeff Chapman, ya fara buga 'yar mujalla a 1996 domin masu wannan yawo. Babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Ditroit, wadda aka rufe a 1988, ta yi shekara 30 tana karɓar irin waɗannan baƙi kafin kamfanin Ford ya saye ta a 2018. Garin Pripyat na Yukren, da aka kwashe mutanensa bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil a 1986, ya taɓa zama wurin da ake biyan kuɗi a je gani. Ƙa'idar masu abin ita ce kada a ɗauki komai, kada a fasa komai. Mutum ya shiga, ya gani, ya ɗauki hoto, ya fita. Suna kuma tinƙaho da cewa abin da mutum ya gani ya kuma ɗanɗana ya fi abin da ya mallaka daraja.

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba. Akwai kango, ginin da babu kowa a ciki ko wanda ba a ƙarasa ba. Akwai kufai, wurin da gari ya taɓa zama ya tashi. Abin da babu shi ne al'adar zuwa can don nishaɗi. A wurin mutanen da, kufai gidan aljanu ne, ba a ratsa shi da tsakar rana ko da almuru. Manomi na shiga saboda ƙasarsa ta sha taki, mafarauci na bi ta ciki, mai magani na neman saiwa, amma wanda ya je don ganin ido kawai gantali za a ce yana yi. Duk da haka tarihin wannan yanki ya gwada da'awar masu leƙen kangaye gwajin da su kansu ba su taɓa yi mata ba, domin a nan an sha raba mutane da abin da suka mallaka, a bar su da abin da suka sani.

Sarautar da ta yi shekara 60 a hanya

Cibiyar farko da ruwayoyin Zamfarawa suka ambata ita ce Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau. Daga nan sarautar ta koma Birnin Zamfara, kusa da Isa da ke jihar Sakkwato a yanzu, ta zauna ƙarnoni. Ruwayar da Turawan mulki suka rubuta ta ce tsawon ganuwar birnin ya kai mil 13, da ƙofofi wajen 50. Ko an rage wani abu saboda ƙarin gishirin maroƙa, wannan ba ƙaramin birni ba ne. Ganuwar Kano da sojojin Ingila suka tarar a 1903 ba ta fi haka tsawo ba.

A farkon ƙarni na 18 Zamfara ta kai ganiyarta. Da ita aka haɗa kai, tare da Gobir da Azbin, aka karya lagon Kabi, har Kabawa suka bar Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, suka koma Birnin Kabi. Wato Zamfara ta taya mai da birnin wasu kufai tun kafin nata ya zama. A daidai wannan zamani Gobirawa, waɗanda Abzinawa ke matsa wa daga arewa, suka riƙa gangarowa cikin ƙasarta. An karɓe su hannu biyu, aka ba su masauki a gonakin alƙalin Zamfara, wurin da daga baya ya zama Alƙalawa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to wannan raɓar ba ta bushe ba. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Sarkin Zamfara Maroki ya tsere zuwa Kiyawa, birnin kuma bai sake tashi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Gidan sarautar bai mutu ba, bai kuma sami wurin zama na dindindin ba. Daga Kiyawa ya yi ta sauya masauki, ya zauna a Sabon Gari ta wajen Bakura, bai dire a Anka ba sai wajen shekarun 1820. Kimanin shekara 60 ke nan sarki na mulki ba tare da birnin da ya gada ba. An haifi yara sun tsufa ba su taɓa ganin ƙofar da kakanninsu ke ambata ba. Wanda ke gudun hijira ba ya ɗaukar ganuwa, ba ya ɗaukar rumbu ko kasuwa ko rijiya. Abin da ya iya bin sarakunan Zamfara a wannan doguwar tafiya shi ne jerin sunayen magabatansu da makaɗan fada suka haddace, da tambura, da tsarin sarautu da sanin wanda ke zama a dama da wanda ke zama a hagu, da kirarin kowane gida. Da waɗannan aka sake kafa fada a Anka, kuma su ne dalilin da ya sa har yau Sarkin Zamfaran Anka ke shugabantar majalisar sarakunan jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, ko da yake Gusau ce hedikwata.

Jihadi ya sami Zamfarawa a tsakiyar wannan yawo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a shekarun 1780, kuma da yunwa ta addabi jama'arsa bayan yaƙin Tsuntsuwa, a Sabon Gari suka sauka a 1805. Daga can aka shirya yaƙin da ya ci Birnin Kabi, kafin a koma Gwandu. Zaman bai ƙare da daɗi ba, domin rundunar da ke neman abinci a ƙasar da ba ta da rarar hatsi ba ta daɗewa tana da farin jini, kuma garuruwan Zamfara da dama sun juya wa jama'ar baya. A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Birnin da ya gaji Birnin Zamfara bai cika shekara 50 yana cin gadon ba, shi ma ya zama kufai, Gobirawa kuma suka ɗauki sunan sarautarsu suka yi gaba da shi.

Karanta ƙasa

Mai leƙen kango a Ditroit yana da sauƙin aiki, domin siminti da ƙarfe na tsayawa su jira shi. Surame ma ta yi sa'a, saboda an yi amfani da duwatsu wajen ginin katangunta. Shi ya sa aka iya sanya ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma miƙa sunanta ga hukumar UNESCO a 2007 cikin jerin wuraren da ake neman a karrama. Ganuwar ƙasa ba haka take ba. Rayuwarta na rataye ne a kan yaɓen da ake yi mata bayan damina, ta hanyar gayya ko umarnin sarki. Ranar da aka daina, ruwan sama ya fara mai da ita inda aka ɗebo ta.

Saboda haka kufan Hausa sai an koyi karanta shi. Alama ta farko kukoki ne da suka taru wuri guda a tsakiyar daji ko gona, domin kuka abokiyar zaman mutane ce, ana barinta kusa da gida don miya da igiya, kuma tana yin ɗaruruwan shekaru bayan masu gidan sun tafi. Sai wani dogon tudu maras tsayi da ke lanƙwasawa ta cikin gonaki, da kwari a gefensa inda ruwa ke kwanciya da damina. Wannan ne ganuwar da ramin da aka haƙa aka gina ta. Bayan ruwan farko tsingaro kan fito fili, wani da zane a jikinsa. Akwai dutsen niƙa da hannu ya lotsa, da bakin karofin marina da ƙasa ta cike, da tarin kashin maƙera inda aka taɓa narka tama. Mai ido zai iya gane inda kasuwa ta ci da inda aka yi maƙabarta.

Amma duk waɗannan ba sa magana. Tudu ba zai faɗi sunan ƙofar da ke wurin ba, ko wane sarki ne ya fita ta cikinta bai dawo ba, ko dalilin da ya sa mutanen wani gari ba sa auren na wani har gobe. Wannan sai tsohon da kakansa ya taɓa riƙe masa hannu ya nuna masa. Rabin kufai a ƙasa yake, rabi a bakin mutane, kuma idan rabi na biyu ya tafi na farko ya koma tudu kawai.

Gummi da jarin madugu

Wani rukunin mutane da suka san darajar abin da ke cikin kai su ne fatake. Gummi na bakin Gulbin Zamfara, wanda ke gangarawa ta Jega, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ta wannan kwari take bi. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi hira da tsofaffin fatake kafin ya wallafa bincikensa a 1973 da 1980, ya nuna cewa Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan zuriyoyin da suka riƙe wannan ciniki tare da Agalawa da Tokarawa, a Gummi suka yi zama bayan tasowarsu daga Barno, daga nan ne wasunsu suka koma Kano. Ayari kan ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi zuwa kasuwar Salaga, a arewacin Gana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci ya kusa shekara. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000.

Ana tafiya da kanwa da tufafin rini da fatu, a dawo da goro, kuma goro kaya ne mai wuyar sha'ani. Sai an naɗe shi da ganye a cikin huhu, ana buɗewa lokaci-lokaci ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Sakacin mako guda na iya cinye ribar shekara. Ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga sarakunan hanya da kowanne ke da abin da yake karɓa. A irin wannan sana'a babban jarin madugu shi ne abin da ya sani: wane zango ne ke da ruwa a watan kaza, wane sarki ake fara gaisarwa kuma da me, wane mai masauki ne ba ya cin amana, yaushe za a tura jagaba gaba kuma yaushe za a kwana a jira. Attajirin da aka yi wa fashi ya rasa dukiyarsa. Madugun da aka yi wa fashi ya rasa kayan shekarar ne kawai, kuma baɗi za a sake bin sa, domin hanyar na nan a kansa.

Bai kamata a yi wa wannan tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Fatake riba suka fita nema, ba buɗe ido ba, kuma a cikin ayarin akwai bayi, wasu na ɗauke da kaya, wasu su ne kayan. Sai dai ko a cikin neman dukiyar, Hausawa sun ware wa wanda ya ga duniya wani matsayi da kuɗi ba sa saye. Gani ya kori ji, in ji su, kuma da Abubakar Imam ya rubuta labarin tafiyarsa Ingila ta 1943, karin maganar da kowa ya sani ya ɗauko ya sa wa littafin suna, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga Gummin nan ne kuma wani ɗan alƙali ya tashi neman karatu, ya bi ta Sakkwato da Kano har Sudan, ya zama Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda shi ma sunan garinsa ya ɗauka ya shiga duniya da shi.

Hanyar goron ta mutu a hankali. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, layin dogo ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas sannan jirgin ƙasa ya hauro da shi. Da dogo ya isa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, ciniki ya karkata gabas, yammacin Zamfara ya koma gefen hanya.

Masu tafiya da tambaya

Yawancin abin da ke rubuce game da tsohuwar Zamfara ya samu ne saboda wasu sun taka ƙafa sun je sun tambaya. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950, ya saurari fadawa da masu sana'a, ya rubuta a kan ginin tukwane da narka tama da wasannin yara da ayarin goro, sannan ya wallafa tarihin Zamfara a Barlin a 1959. Littafin da Jamusanci yake, harshen da ƙalilan ne daga jikokin waɗanda suka ba shi labarin za su iya karantawa, kuma shi bai bi ƙa'idar kada a ɗauki komai ba, domin ya tattara kayan hannu don gidan tarihin Barlin. Garba Nadama ya biyo baya da kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977, kan tasowa da rushewar daular Zamfara. Daga baya ya yi gwamnan jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983. Gwamnatin ta tafi da juyin mulki, kundin kuwa har yanzu shi ne madogarar masu bincike.

Da'awar cewa gani ya fi mallaka ta sami goyon bayan masana halayyar ɗan'adam. A 2003 wasu masu bincike biyu a Amurka, Leaf Van Boven da Thomas Gilovich, sun tambayi mutane game da abin da suka kashe wa kuɗi, suka gano cewa tafiya ko kallo ko koyon wani abu sun fi sayen kaya barin farin ciki mai ɗorewa. Dalilan da suka bayar masu ma'ana ne: abin da ya wuce yana ƙara daɗi a tunani, yana shiga cikin yadda mutum ke ganin kansa, kuma ana ba da labarinsa ga wasu. Amma akwai wani sashe na binciken da masu yaɗa shi ba su cika ambata ba, cewa a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi bambancin ya kusa ɓacewa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙauye. Sai mai rumbu cike ne ke iya raina rumbu.

Zinariya, da sababbin kufai

An haƙi zinariya a ƙasar Anka tun zamanin Turawa, musamman a shekarun 1930, amma abin da ya sauya yankin shi ne tashin farashinta a kasuwar duniya, daga ƙasa da dala 300 kan kowane oza a 2001 zuwa sama da dala 1,200 a 2010. Manoma suka koma haƙa. Ana kawo dutsen gida, a farfasa, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, a wanke, a haɗa da zaiba a ware zinariyar. Abin da ba a sani ba shi ne dutsen wannan yanki na ɗauke da dalma mai yawa, kuma ƙurar niƙan na sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da mace-macen yara da ba a saba gani ba. Bincike ya gano gubar dalma a 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka, sannan a Abare da Sunke da Tungar Daji da wasu ƙauyuka. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. Tsabtace ƙauyukan ya zama kankare saman ƙasar kowane gida da fartanya, a kwashe a binne, a zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi mata aikin, bayan matsin lamba ya sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Da wuya mai hankali ya zargi manomin da ya ga ribar kwana guda a rami ta fi ta damina guda a gona. Amma ƙasar da kakanni suka bari a karanta, yanzu ana auna ta ne da abin da za a iya tacewa daga cikinta, kuma mai haƙa ba ya tsayawa tambayar ko raminsa ya ratsa tsohuwar marina ko maƙabarta.

Sai kuma 'yan bindiga. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu na 2019, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, duk abin bai tsaya ba. A makon farko na Janairun 2022 aka afka wa jerin ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Ƙauyuka da dama sun koma biyan haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi, wasu kuma sun tashi baki ɗaya. Kuyambana, inda ruwaya ta ce sarauniyar Zamfara 'Yargoje ta zauna, a yau sunan daji ne da ake ambata a rahotannin sojoji. Haɗarin hanya ba baƙo ba ne a wannan ƙasa: Heinrich Barth ya ratsa dajin Gundumi a 1853 cikin tafiyar da ta haura yini da kwana ba tsayawa, don tsoron mahara. Bambancin shi ne a wancan lokaci akwai ganuwar da ake gudu a shiga. Yau irin yawon da Krieger da Nadama suka yi, daga wannan tsoho zuwa wancan, daga kuka zuwa kuka, ba ya yiwuwa a mafi yawan karkarar da ke kewaye da Nasarawar Burkullu.

A garin Anka, ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun sami mafaka a harabar sabuwar fadar sarki da ba a ƙarasa ginawa ba. A wata ƙasa irin wannan kango ne matasa za su lallaɓa su shiga da kyamara. A nan mata ne ke girki a cikinsa. Waɗannan mutane ba su zaɓi gani a kan mallaka ba. An ƙone musu rumbuna, an kore shanu, sun iso da abin da ke jikinsu da abin da ke kansu, kamar yadda kakanninsu suka isa Kiyawa. Sai dai fadar Maroki na da makaɗa da aikinsu shi ne riƙe sunaye, ƙauyen manoma kuwa ba shi da kowa sai tsofaffinsa, kuma tsoho ba ya daɗewa a sansani.

Wannan ya sa rabin kufan da ke bakin mutane ya taru yanzu a wuraren da ake iya zuwa: Anka, Gummi, Bukkuyum, Gusau. Ɗalibin tarihi daga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko malamin makarantar da ke zaune a garin, ba ya buƙatar rakiyar soja kafin ya zauna da dattijo ko tsohuwa ya kunna wayarsa ta naɗi murya, kuma akwai inda za a ajiye abin da aka naɗa, kamar cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Tambayoyin ma sanannu ne, su ne irin waɗanda Krieger ya yi a Anka a farkon shekarun 1950. Daga ina mutanen garin suka taso kafin su zauna inda aka kore su? Ta wace kusurwa ganuwa ta bi, ƙofofi nawa ne, me ake kiransu? Wa ya haƙa rijiyar da ke bayan masallaci, wace rana kasuwa ke ci, kuma wane ne ke kwance a gindin kukar da aka hana yara hawa?